Takardar da Ban Aika Ba

Sabon Gari, Wudil
26 ga Yuni, 1999

Zuwa ga 'yata Murja,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da abin da ke cikinki. Babanki lafiya lau, ƙafar ce dai take taɓa shi. Ɗan'auta ya warke daga zazzaɓi. Ni ce ba ni da lafiya, kuma ba ciwon asibiti ba ne.

Murja, akwai abin da na ɓoye. Da ciwon surukarki Yelwa ya tsananta, ta kira ni ta ce tunda na yi yaƙi da jahilci, in rubuta wa ɗanta ya zo ta gan shi. Na rubuta. Da na duba sai na ga layin ya karkace, ga gogewa ko'ina. Mai gidanki malamin makaranta ne, kuma surukina. Kunya ta hana ni bari ya ga wannan rubutu. Na sa takardar a ƙarƙashin kwalla, na ce sai na sake ta da kyau. Ita kuma na ce mata na aika.

Kwana tara tana kallon ƙofa. Sau huɗu ina sakewa ina yagawa. Ranar da sojoji suka miƙa mulki, ana ta jin rediyo a zaure, ta cika. Maganarta ta ƙarshe a kunnena ta yi ta. Ta ce ɗanta ba zai ƙi ta ba, ke kika karɓi takardar kika ɓoye, kuma ba ta yafe ba, sai ta zo ta tambaye ki da kanta. Da mai gidanki ya zo gaisuwa, na ɓoye masa maganar.

Muna yara kakata kan ba mu labarin fatalwar da ke bin wanda ya zalunce ta, mu yi dariya. Liman ma ya ce mamaci ba ya dawowa. Amma ki ji. Bilya direba, mai jigilar Bauci kullum, ya ce duk ran kasuwar Juma'a wata tsohuwa mai baƙin mayafi da tsagar goshi tana shiga motarsa da rana tsaka, ba ta magana. Juma'ar farko, da ya tsaya a Kachako, ya waiwaya babu ita. Ta biyu sai a Birnin Kudu. Jiya har Ningi ta kai. Bilya bai san Yelwa ba, amma ya kwatanta min yatsanta da ya lanƙwashe.

Daga Ningi sai ku a Bauci.

Na shiga ɗakinta na durƙusa, na faɗa da ƙarfi cewa ni ce. Ban san ko ta ji ba, don ba ta nan, tana hanya.

Ga takardar farko na haɗo, yadda take. Ki ba mai gidanki ya karanta, ya ga rubutun, ya ga abin da na yi. Ku yi mata sadaka, ya roƙa miki gafararta. Ran Juma'a kada ki zauna ke kaɗai. In wata tsohuwa ta yi sallama, ki faɗa mata sunana, ki ce ina gida ina jiranta.

Don Allah ki ba Bilya amsa ya kawo min kafin Juma'ar nan, ko layi ɗaya ne.

Innarki,
Tabawa