Memorin Malama Hamida da Ke Cikin Kyamarar Ofis

Abdulrasheed Ngubdo,
Shugaban Ayarin Rajista,
Gidauniyar Rumfar Baƙi,
Unguwar Dawaki, Gombe.

Litinin, 17 ga Yuli, 2017.

Zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Gidauniyar Rumfar Baƙi, Gombe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GOGE WAYAR MALAMA HAMIDA BA'ANA DA JAMI'IN NA'URORI YA YI, DA ROƘON A CETO MEMORINTA KAFIN ALHAMIS 20 GA YULI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman afuwa da na tsallake Manajan ofis na rubuto maka kai tsaye. Na kai masa maganar sau biyu, ranar Laraba 12 ga wata da kuma yau da safe, ya ce in jira taron ƙarshen wata. Abin da nake roƙo a kansa zai lalace ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mini kuma zan faɗi wanda ya gaya mini.

1. Ranar Litinin 3 ga Yuli, Jami'in Na'urori, Malam Yuguda Hamman, ya manna sanarwa cewa duk wayar da ake rajistar 'yan gudun hijira da ita sai an sa mata manhajar kula da wayoyi kafin Juma'a 7 ga wata, wanda bai yi ba, za a cire shi daga aiki. Manhajar tana ba ofis ikon kulle waya ko goge ta daga nesa. Ba ni da ja a kan wannan. Muna ɗauke da sunayen mutanen da suka gudo daga hannun masu kisa, bai kamata sunayen su faɗa hannun kowa ba. Sai dai manhajar ba ta hawa kan wayar da tsarinta bai kai Android 5 ba. Mu goma sha huɗu ne a ayarin, kowa da wayarsa ta kansa yake aiki, kuma wayoyi shida ba su kai ba.

2. Masu wayoyin nan shida sun sami Malam Yuguda ranar Talata, ina wurin. Ya ce su je wurin masu gyara a yi musu filashin, wato a sauke tsarin da wayar ta zo da shi a ɗora mata sabo, kamar yadda kowa ke yi a garin nan idan waya ta tsufa. Bai nuna musu takardar sharuɗɗan manhajar ba. Na same ta daga baya, shafi shida ce, na haɗa kwafinta da wannan wasiƙa. Shafi na biyu ya ce wayar da ba ta kai ba a sauya ta da wata, kada a taɓa tsarinta. Shafi na huɗu ya ce duk wayar da aka ɗora wa tsarin da ba na masu ƙera ta ba, manhajar za ta nuna ta a matsayin haɗari. Domin wannan ne kwamitinka ya sayi wayoyi ashirin a watan Mayu. Mai kula da sito, Madam Selina Alfred, ta tabbatar mini suna nan cikin kwalayensu, ko ledarsu ba a yage ba. Malam Yuguda ya ce na manyan ma'aikata ne.

3. Malama Hamida Ba'ana tana cikin shidan. Ita ce tafintarmu ta Barbarci, ta zo Gombe daga wani ƙauye a yankin Damboa a shekarar 2014. An kashe mijinta a ranar da aka shiga garinsu. 'Yarta Fanta, mai shekara goma sha ɗaya a lokacin, ta ɓace a hanya. Wayar da Malama Hamida ke aiki da ita ta mijin ce. A cikin memorinta akwai hotunan Fanta guda uku da muryarta ta daƙiƙa arba'in tana karanta darasin makaranta. Ba ta da waninsu. Guda ɗaya da ta taɓa wankewa ta ba masu neman waɗanda suka ɓace tun 2015.

Ni na ɗauke ta a babur ɗina ranar Alhamis 6 ga wata na kai ta shagon Mista Ikem Onwuka a Nasarawo, domin shi na yarda da hannunsa. Ina so wannan ya shiga cikin takarda da sunana. Mista Ikem ya cire memorin kafin ya fara aiki, ya naɗe shi a takarda, ya ba ta ta riƙe, ya mayar bayan ya gama. Ta duba hotunan a gabana, suna nan. Ya gaya mana bai san manhajar ofishinmu ba, ba zai ce ga yadda za ta karɓi wayar ba. Washegari aka sa manhajar, ta hau.

4. Ranar Litinin 10 ga Yuli da ƙarfe goma da minti ashirin, Malam Yuguda ya tara mu a ɗakin taro, ya haska allon kwamfutarsa a bango. Wayoyi shida sun fito da ja. Ya ce zai nuna mana abin da ke faruwa da wanda ya yi wa na'ura wayo, sannan ya zaɓi ta Malama Hamida. Allon ya ba shi zaɓi biyu, kuma duk mai iya karatu a ɗakin ya gani: a cire bayanan aiki kawai, ko a goge komai har da memori. Wayar tana kan teburinsa. Malama Hamida ta roƙe shi ya bar ta ta cire memorin, ta gaya masa abin da ke ciki, ko da yake babu wanda bai sani ba a ofishin. Ya ce cire wani abu daga wayar da ake bincike a kanta laifi ne na biyu. Ta durƙusa a gabansa. Shekarunta arba'in da shida, ta girme shi da kusan ashirin. Na miƙe na ce ya dakata a kira Manaja, ya ce in zauna, ba a gidan jaridar da na taɓa yi wa aiki nake yanzu ba. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna.

Bai kai minti biyu ba. Ya miƙa mata wayar ta ga tana tambayar harshen da za a zaɓa, kamar yau aka fito da ita daga kanti, sannan ya karɓe ta, ya ce shaida ce.

Sauran wayoyi biyar ɗin, bayanan aiki kawai ya cire musu, a ofishinsa, bayan an watse. Masu su suna nan da hotunansu da lambobinsu. Ban san dalilin da ya sa ya bambanta ta ba. Abin da na sani shi ne ranar 14 ga Yuni ta ƙi rubuta wasu mutum tara da ya kawo a matsayin 'yan gudun hijira, ta ce ta yi musu Barbarci da sunayen garuruwan da suka ambata, babu wanda ya gane ko ɗaya. Rahoton ranar yana cikin fayil, da sa hannuna.

5. Ranar Talata 11 ga wata aka ba ta takardar sallama. Laifin da aka rubuta shi ne sauya tsarin na'ura ba da izini ba. Wanda ya ba da umarnin a sauya shi ne ya rubuta rahoton da aka kore ta da shi. Sauran biyar ɗin suna bakin aikinsu.

6. Ranar Juma'a 14 ga wata, ofishin masu neman waɗanda suka ɓace ya kira ni daga Maiduguri, domin layin Malama Hamida yana cikin wayar da aka ƙwace, lambata ce ta biyu a takardarta. Sun ce cikin yaran da aka fito da su daga daji akwai yarinya mai kimanin shekara goma sha huɗu, ba ta magana, ba ta faɗi sunanta ba, tana da tabo a saman girar hagu. Fanta tana da tabo a wurin, kuma ya fito sosai a ɗaya daga cikin hotunan uku. Wanda aka ba su a 2015 ba su gan shi a fayil ba. Sun ce ba sa kai kowa gaban yaran sai da hoto ko wata shaida, saboda masu zuwa da ƙarya sun yi yawa.

Bayan sallar Juma'a na gaya wa Malam Yuguda, a gaban Madam Selina. Ya ce ofis ba gidan makoki ba ne. Ya ce idan ma yarinyar ce, shekara uku a hannun waɗancan mutane ta ishe ta sauya kama, wataƙila da goyonta a baya, hoton 'yar firamare ba zai yi wa kowa amfani ba. Na rubuta maganar a littafina kafin in bar wurin.

7. Na koma wurin Mista Ikem. Ya ce irin wannan gogewa sunayen abubuwa take sharewa, su kansu suna kwance a memorin har sai an ɗora wani sabon abu a kansu. Yana da abin da zai gwada ciro su da shi. Bai yi alkawari ba, ya dai ce kada a ajiye komai a ciki, ko hoto ɗaya.

Yau da safe Madam Selina ta gaya mini memorin ba ya cikin wayar. Na kyamarar ofis ya ɓace tun watan jiya, Malam Yuguda ya cire na Malama Hamida ya sa a madadinsa, ya ce ai babu komai a ciki. Kyamarar tana kulle a durowarsa, makullin yana aljihunsa, ba a ɗauki komai da ita ba tukuna. Za a fito da ita ranar Alhamis 20 ga wata domin rabon tabarmi da gidan sauro a Pantami, wanda kai ne babban baƙo a wurin. A rabon da ya wuce an ɗauki hoto ɗari huɗu da goma sha biyu. Mista Ikem ya ce ɗari biyu sun isa su cika wannan memorin.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙonka cikin ladabi:

a. Ka ba da umarni a rubuce, yau ko gobe, a cire memorin daga kyamarar ba tare da an kunna ta ba, a damƙa shi hannun Malama Hamida a gaban shaidu biyu. Zan kawo wa ofis sabon memori a madadinsa.

b. A janye takardar sallamarta, a mayar mata da wayar mijinta da layinta, a ba ta ɗaya daga cikin wayoyin da ke sito.

c. Kwamiti ya buƙaci tarihin umarnin da aka bayar ta manhajar ranar 10 ga Yuli. Tana ajiye lokaci da sunan wanda ya danna da abin da ya zaɓa.

Idan ba za a samu duka ba, na farkon ya wadatar.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani kafin Alhamis. Korar da aka yi wa Malama Hamida ta mayar da ita cikin jerin masu karɓar tallafi, domin har yanzu 'yar gudun hijira ce. Na ga jerin, ita ce lamba sittin da uku. Ƙa'idarmu ita ce a ɗauki hoton kowa yana karɓar kayansa daga hannun babban baƙo. Idan ba a cire memorin ba, za ta tsaya a gabanka ta karɓi tabarma, a ce ta ɗago kai ta dubi kyamara, hoton kuma ya hau kan fuskar 'yarta.

Ina jiran umarninka. Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa ka ga wannan takarda da wuri.

Naka mai biyayya,

Abdulrasheed Ngubdo
Shugaban Ayarin Rajista

An haɗa da: kwafin sharuɗɗan manhajar, kwafin sanarwar 3 ga Yuli, kwafin takardar sallama.