Waƙar Zoraida da Muka Taka Ranar Bikinmu

Bronx, New York
19 ga Agusta

Zuwa ga yayata Idalia,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki da ke kewarki kullum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikoki, Allah kuma ya sa ciwon ƙugun nan ya sake ki. Mu nan ƙalau muke, sai zafi. 'Yarki Yadira ta samu aikin jinyar da take nema, shi kuma babanta Efrain likita ya hana shi gishiri, amma yana satar sa a bayan idona.

Yaya, na zaɓi in rubuta ne don a waya kuka zai ci ƙarfina, ke kuma ki yi mini dariya. Kin tuna ƙawarki Zoraida ta hawa na huɗu a benenmu, wadda ta yi faifan waƙar rawa irin ta zamaninmu, firistayil, guda ɗaya tak a shekarar tamanin da bakwai? Waƙar nan tata ce ake kaɗawa ranar da Efrain ya fara jan hannuna a filin wasan takalmin taya, ita kuma muka taka ranar bikinmu. Shekara talatin da shida, duk zagayowar ranar sai ya kunna ta a kicin ya ture kujeru gefe.

Asabar da ta wuce aka yi taron tuna tsofaffin waƙoƙi a dandalin unguwa, rana tsaka. Tsofaffin unguwa duk sun fito da kujerunsu da tutocin Puerto Rico, kowa na kukan gwiwa, amma kiɗa na tashi sai ki ce 'yan sha bakwai. Aka kira Zoraida, wai daga birnin Orlando ta taho. Na so in ce miki ta tsufa, amma ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Matar nan ta fito cikin jar riga, tana taku kamar shekaru sun manta da ita. Kafin ta fara sai ta ce a kan matakalar gidanmu ta rubuta waƙar, saboda wani saurayi mai gyaran rediyo da ya hana ta barci damina guda, kuma ga shi can da farar hula, har yau bai iya ɓuya ba. Jama'a suka ɗau ihu, suka juyo gaba ɗaya. Hular mijina suke kallo.

Da ya yi dariya kawai, da na haɗiye. Amma sai ya cire hular ya dafe ta a ƙirji, yana bin waƙar kalma bayan kalma, hawaye na sauka har gemu. Ranar da aka binne mahaifinsa ma ban ga haka ba. Lurdes mai gyaran gashi ta zungure ni, wai in tafa mana, ai ni na tafi da mutumin, ita waƙa kawai ta samu. Na ce ta kama bakinta kafin in tuna mata inda mijinta na biyu ya koma.

Muna isa gida na tsare shi. Ya ce ba Zoraida ya yi wa kuka ba, ƙuruciya ya yi wa, da abokansa da suka rasu, da sumarsa da ta gudu ta bar shi. Na ce to me ya sa duk waƙoƙin duniya ita ya zaɓa ranar aurenmu? Wai ita kaɗai ya iya takawa ba tare da ya taka mini ƙafa ba. Har da rantsuwa bai san da shi ake ba. Na ce Efrain, ka ji tsoron Allah, samari nawa ne a titinmu masu tabo a gira ta hagu? Yaya, baitin tabon nan na rera shi ya fi sau dubu ina kallon fuskarsa, ban taɓa ganewa ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: da kalmomin wata nake ta gaya wa mijina ina son sa.

Ke ce kike raka ta wurin ɗaukar faifan, don haka kada ki ce mini ba ki sani ba. Ba fushi nake da ke ba, tukuna dai. Abu ɗaya nake so ki faɗa mini: wa ya bar wani? In shi ya bar ta ya zo gare ni, zan yafe, har in sake takawa. In kuwa ita ta yar da shi na tsinta, gara in sani ko da zai yi ɗaci.

Don kada a ce na ji haushi, da bakina na gayyace ta cin abinci a gaban kowa, ina murmushi kamar haƙorana za su zube. Ta amsa, za ta zo Lahadin ƙarshen Satumba. Zan dafa shinkafa da wake irin na Mama, da kaza da soyayyar ayaba. Ki hanzarta da amsa, don in san ko cinya zan sa mata ko wuya.

Ki gaishe mini da maigidanki Anibal, da Goggo Providencia, da Kawu Eligio, da dukan mutanen garin Ponce. Kada Goggo ta ji wannan zance, kin san a coci za ta sauke shi.

Taki ƙanwa har abada,
Nilsa