Kada ki daka geron ƙwaryar Inna

Ni'ima,

Kina kwana nit tahi, ban so in tashe ki ba.

Geron da ke cikin baƙar ƙwaryar Inna, ƙarƙashin gado, kada ki taɓa shi. Kada ki surfa, kada ki kai inji. Filash ɗina na kwamfuta na ciki.

Jiya da marece muna ƙetare gulbi, babur ya kada mu cikin ruwa, filash ɗin na aljihuna. Shi ya sa nit tura shi cikin gero ya tsotse danshin.

Kin san abin da ke cikinshi. Hotunan shanun Baba ne da ɓarayi sunka kore bara, kowace da shaidar kunnenta. Wayar da nid ɗauke su da ita tare da shanun tat tahi. Babu su ko'ina sai nan.

An ƙwato wasu shanu, suna hannun hukuma a garin Isa, kuma wani mutum ya riga ya rantse jar saniyarmu tashi ce. Can za ni in roƙi hukumar su dakata har gobe in kawo hotunan.

In Abbas ɗan Kawu ya zo da kwamfutarshi yana "bari a gwada", ki hana shi. Kin san karambaninshi. In anka soka filash da danshi, ƙonewa za shi yi.

Furar yau ki ranto gero wurin Gwaggo Fadima. In Inna ta yi faɗa, ki ce ni nis sa ki.

Taɓarya ɗaya kinka sauke kan geron ga, Ni'ima, shanun Baba kinka daka.

Yayanki,
Talha