Likkafanin Inna

Zuwa ga Yaya Idi, a Abijan.

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina gajiyar biɗa? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Garhanga sai godiyar Allah.

Yaya, tun da aka ruhe iyakar Najeriya kasuwa ta bushe. Babu kananzir, sabulu ya zama abin labari. Ashana kuwa, gida guda ka hura wuta, sauran mu bi da kasko muna ɗibar garwashi. Wannan duk mun iya haƙuri da shi.

Ka san farin yadin da Inna ta ɓoye cikin adakarta shekara da shekaru, na likkafaninta. Da maƙwabcinmu Malam Sule ya rasu, aka rasa abin suturta shi, sai ta ɗauko ta ba su. Na hana, ta ce mini, "Rabi, mu bar shi tsirara don ni da ke numfashi?"

Yanzu ita ce kwance, ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Mijina ya tahi Keita, ya tahi Buza, har Madawa, bai samu ko kamu ɗaya ba. Kullum sai ta tambaye ni ko an maida yadin, in ce mata an maida. Jiya ta ce in kawo ta taɓa.

Don Allah ka ba duk mai tahowa gida farin yadi, kada ka jira motar salla. Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen garinmu da ke nan.

Da Inna ta nemi taɓa yadin, na ce mata makullin adaka ya ɓace. Ban san abin da zan ce gobe ba.

Ƙanwarka,
Rabi