Ƙwayar da Latifatu Take Koyo

Aboabo, Kumasi

Zuwa ga Yayana, Alhaji Nuruddin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sassauta maka sanyin Italiya da ciwon gwiwa. Mu nan lafiya lau, Mma, tsohuwarmu, ma ta fara taka ƙafarta har ƙofar gida. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na shiga makarantar manya. Na zaɓi takarda ne don a waya ba na iya yi maka musu.

Yaya, na samu saƙonka cewa in cire 'yata Latifatu daga jami'a, don an gaya maka haɗa ƙwaya take koyo. Ni ma da maganar ta zaga unguwa na kasa cin abinci, don ina ganin yadda ƙwaya ta mayar da samarin layinmu. Shi ya sa ranar Talata na hau trotro, motar hayarmu ta nan, har makarantar, ban gaya mata ba.

Na same ta cikin farar riga a gaban kwamfuta. Ta nuna mini wani abu kamar carbi mai rassa yana juyawa, ta ce surar maganin hawan jinin da nake sha ke nan. Wai a ƙwaya guda akwai irinsa ba adadi, kowanne da gurbin da yake shiga a jiki kamar ɗan makulli, kuma tsara wannan sura suke koyo. Sai ta ɗaga tafukanta biyu, ta ce wasu magunguna tagwaye ne haka, komai nasu ɗaya, amma ɗaya ya warkar, ɗayan ya wuce a banza ko ya yi illa. Yaya, abin da ido ba ya gani, ashe shi ma Allah ya yi masa dama da hagu. Na yi ta tasbihi, har na manta faɗan da na zo da shi.

Tun rasuwar mahaifinta ban taɓa ƙetare maganarka ba, yanzu ma roƙo nake yi. In kuwa ka ce lallai sai an cire ta, to ka gaya mata da bakinka, ni ba zan iya ba.

Ka gaida uwargida Habibatu da su Rahim. Mma tana sa maka albarka.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Safia