Ƙwan da Baba Ya Nema

Yuli, 1989

Zuwa ga Yaya Hatsue,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zafin Osaka? Ƙafar taki ta daina kumburi? Mu nan lafiya, sai dai jikin Baba, da wata magana da gara ki ji daga gare ni kafin ki ji a bakin 'yan tsibiri.

Baba ya daina cin abinci tun farkon wata. Ko kunun shinkafa, da ya kurɓa sai ya kau da kai. Ran Talata ina goge masa baya ya ce, "Fumie, kunkurun teku sun fara hawowa gaɓa ko?" Na ce sun fara. Ya ce, "Da zan sami ƙwansu a kan shinkafa mai zafi, da na miƙe." Na ce, "Baba, ai an hana tun bara." Ya yi dariya ya ce, "Da ƙwan nan na raini mijinki, shi ya sa kansa ya yi tauri."

Ƙaninki Shigeo yana bakin ƙofa yana ɗinkin koma. Washegari da hantsi sai ga shi da ƙwai a cikin hularsa, duk yashi. Ban ce ya mayar ba, Yaya. Tukunya na ɗora.

Na fasa wa Baba ɗaya a kan shinkafa. Ya ɗanɗana, sannan ya ce, "Ba haka yake ba a da. Ko bakina ne ya mutu?" Ya ture kwanon.

Kin tuna Tokuji, abokin Shigeo tun makaranta? Shi aka ba gadin gaɓar yanzu. Ya ga ramin da aka tono ƙwan, ya bi sawu har gidanmu, ga kuma wani jami'in gwamnati daga birnin Kagoshima biye da shi, ya zo duba aiki. Tokuji ya rage murya ya ce, "Shige, ka ce kare ne ya tona." Shigeo ya ce, "Ka taɓa ganin kare da takalmi?" Jami'in kuwa ya riga ya hango tukunyar. Da ita suka tafi, har da ɓawon.

An ce tonawa laifi ne, a same ka da shi ma laifi ne, tara ko ɗauri. Ran Litinin 'yan sanda suke son ganin Shigeo a can ɗaya gefen tsibirin. Baba bai san komai ba. Idan kin sami hali ki zo, jikin nasa ba ya ba ni kwanciyar hankali.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Fumie

Agusta, 1989

Zuwa ga Yaya Hatsue,

Ina gaishe ki, ina kuma ƙara yi mana ta'aziyya. Ya haƙuri? Kada ki zargi kanki, kowa ya san guguwa ce ta hana jirgin ruwa tashi. Mun yi wa Baba komai yadda ya kamata.

A waya ban iya gaya miki yadda aka yi ba, Shigeo yana kusa. Ran Litinin ɗin ya shiga motar safe, ya ce wa Baba injin kwalekwale zai kai gyara. Can suka riƙe shi wuni guda ana tambayoyi. Ba su wulaƙanta shi ba, aikinsu suka yi. Kafin motar yamma ta iso Baba ya cika.

Maganar ta ƙare a tara, an biya. Amma sunan Shigeo ya fito a jarida, kuma ƙungiyar masunta ta sauke shi daga kwamiti. Yana fita teku, ya dawo, ya zauna a ɗakin Baba.

Tokuji ya zo ranar jana'iza, ya kunna turare, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma. Shigeo ya tashi ya fita. Na raka Tokuji bakin hanya, ya ce, "Fumie, da ni kaɗai ne ran nan, da na rufe ramin da ƙafata." Ban ga laifinsa ba. Ni ma idan na ga sawun kunkuru ɗaya tal a gaɓar da muke ganin su birjik muna yara, na san dokar ba banza aka yi ta ba. Sai dai da na ce ya mayar da ƙwan nan, da yana gida ran Litinin.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na gaya wa Shigeo cewa Baba cikin barci ya tafi, bai san inda yake ba. Ba haka aka yi ba, Yaya. Idonsa biyu tun tsakar rana, yana kallon ƙofa. Duk motar da ta wuce sai ya ce, "Shige ne?" In ce yana hanya. Daga ƙarshe ya ce, "Yaron nan, gyaran inji sai ka ce ƙera shi zai yi."

Idan kin zo addu'ar kwana arba'in da tara, za ku zauna ku yi hirar Baba. Ina roƙonki, ki bar ƙaninki a kan abin da na gaya masa.

Ki kula da ƙafarki, ki gaida yara.

Taki,
Fumie