Gishiri a Cikin Injin Doroy

Litinin, 3 ga Maris, 1947
Maigidana Doroy ya jawo injin jirgin saman yaƙin Amurkawa daga filin jirgin Tanauan, a keken ɓauna. Wai zai ɗora shi a jirgin ruwanmu, ya riƙa kai busasshiyar kwakwa birnin Tacloban kafin kowa. Injin irin jirgin saman da ya harbe ɗanmu Pilo ne a bakin ruwa, ranar da Amurkawa suka sauka don yaƙar Japanawa. A tsakar gidana ya sauke shi.

Asabar, 8 ga Maris
Maza sun cika gida, kowa ya zama injiniya. Ambo makaniki ya ce, "Ba sai da tankin ruwan daɗi ba, Doroy. Ka zura tiyo a teku ya sha ruwa ya huce, kamar kowane inji. Ko ruwan ma saye za ka yi?" Aka yi dariya.
Ƙarfen jirgin sama ba ya shiri da gishiri. Tukunyata da aka ƙera da fiffiken jirgi, wata biyu ina jiƙa kifi da gishiri a ciki ta zama rariya. Kowace mace a garin nan ta san haka. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce komai ba.

Lahadi, 16 ga Maris
An tayar da injin bayan coci. Ƙarar nan ce dai ta ranar da Pilo ya mutu, ita ce. Na shiga bayan gida na yi amai.

Alhamis, 27 ga Maris
Kullum Doroy ke fara isa Tacloban. Har wani ƙiba yake yi. Na ga farin gari na tsatsowa a gindin tiyo, na kau da kai. Teku ce fa yake ketarawa da abin nan, na sani. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Laraba, 9 ga Afrilu
Injin ya fashe a tsakiyar ruwa. Masunta suka jawo jirgin da la'asar, tafasasshen ruwa ya saɓule wa Doroy fatar hannun dama. Ina shafa masa man kwakwa yana cewa, "Wa zai ce gishiri zai ci abin da ya ci Japanawa?"
Na ce, "Ni. Tun ranar farko na sani."
Na ɗauka zagi zai biyo. Sai ya ce, "Uwar Pilo, kina ganin daɗin ƙararsa nake ji? So na yi abin da ya kashe mana yaro ya yi mana dako har ya mutu."
Shekara biyu da rabi ke nan bai ambaci sunan yaron ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Ambo ya ce in an wanke cikin injin da ruwan rijiya, aka yi masa tanki, wataƙila ya tashi. Na ɗebo garwa shida. Ban yafe wa abin nan ba. Hannun Doroy ne dai bai warke ba, kuma dole wani ya ɗebo.